Mijin Da Gimbiya Ba Ta Kiran Sunansa

Ranar Asabar da ta wuce na raka jikata kasuwar Deptford da ke nan Landan sayen kifi da attarugu. Muna tsaye gaban mai doya sai ta hango mijinta a tsallaken titi, ta ɗaga hannu ta ƙwala masa kira da sunansa na yanka, gatsal, a tsakiyar jama'a. Ni ce na ji kunyar, har na gyara mayafina kamar ni na yi abin. Shi kuwa bawan Allah ko a jikinsa, ya tsallako yana dariya ya karɓi ledar kifin. Da na yi mata magana a hanya sai ta amsa mini da Turanci, yadda yaran da aka haifa a nan suka saba, wai to da me za ta kira shi, ba sunansa ba ne? Ban ja zancen ba, don ba laifinta ba ne. Amma tun daga ranar zuciyata take ta komawa kan wata tsohuwar Baturiya da na yi wa aiki ina ƙuruciya, da wani abu da na yi a gidanta wanda har gobe nake alfahari da shi.

Na zo Landan ina amarya, lallen ƙafata ma bai gama gogewa ba. Na biyo Malam ne, mijina, da aka turo karatu a jami'ar da ke Aldwych. Muka kama ɗaki biyu a saman shagon wani mai gyaran takalmi a nan Deptford. Yaran yanzu da ke shiga kanti su zaɓi daddawa da kuka da man ja kamar suna kasuwar Rimi ba za su gane wahalar da muka sha ba. A lokacin, daddawa sai wani ɗalibi ya dawo daga hutu ya ɓoyo ta a cikin safa, mu rarraba ƙwaya-ƙwaya kamar magani. Wasiƙar gida kuwa sai ta yi makonni a hanya, in ta iso in karanta ta har takardar ta yi laushi. Abin da na fi tunawa shi ne sautin asubar unguwar: kwalaben madara suna ƙara a bakin ƙofofi, gudumar mai takalmi a ƙarƙashinmu, da ƙugin jiragen ruwa daga kogi. Yanzu duk babu su. An gine bakin kogin da dogayen gidaje masu gilashi, in ka buɗe taga ba ka jin komai sai motoci.

Zaman kaɗaici ya ishe ni. Malam ya fita tun safe, ni kuwa in share ɗakin nan sau uku don in sami abin yi. Sai matar wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu ta ce mini akwai wata tsohuwa kusa da Charing Cross da ke neman wadda ta iya ɗinki da guga. Ɗinki kam na iya, kakata ta koya mini shi da rankwashi. Malam ya yarda bisa sharaɗin ba ruwana da giya da naman alade, kuma a bar ni in yi salla a kan lokaci. Na je, na tarar da Turawa biyu a zaune da takardunsu suna jira, ni kuwa ba ni da komai sai allura da zare a jaka. Da aka shigar da ni na sami tsohuwar zaune a bakin taga, bayanta a miƙe kamar taɓarya, sarƙar lu'ulu'u a wuya, sanda mai kan azurfa a hannu. Ta tambaye ni inda nake zaune, na ce Deptford. Ta zuba mini ido har na zaci ban faɗi daidai ba. Can ta ce, “Har yanzu ana jin jirage da asuba?” Na ce ana ji. Ta ce, “Ki fara gobe.”

'Yar wani babban basarake ce daga cikin sarakan gargajiyar Ingila. A gidan da aka haife ta, in ji ta, akwai mutumin da ba shi da wani aiki sai ɗaura agogunan bango. Ba ta taɓa ɓalla maɓallin rigarta da hannunta ba sai da aka fara babban yaƙi. Ta je gaban sarkin ƙasar ta rusuna da fararen gashin jimina a ka, kamar yadda 'yan matan manyan gidaje ke yi in sun isa aure. In na koma gida ina ba Malam labarinta, Gimbiya nake ce mata, don ban ga wata kalmar da ta fi dacewa ba. A gabanta kuwa “ranki ya daɗe” nake cewa da Hausata. Da ta tambayi ma'anarsa na fassara mata, ta ce a shekarunta wannan ai barazana ce, amma in ci gaba. Haka bakinta yake, da kaifi. Ni a lokacin tsohuwa tukuf nake ganinta, ga shi yau na girmi shekarunta na wancan lokacin, kuma wanda ya ce mini tsohuwa sai mun yi rigima.

Aikin gidan yana da ƙa'ida kamar salla. Litinin goge azurfa, Talata wanke safar hannu da ruwan ɗumi a shanya su a kwance, kullum ƙarfe huɗu shayi. Ba a zuba shayin sai an ɗumama butar da ruwan zafi an zubar. Tana da 'yar ƙararrawa da take kaɗawa, sau ɗaya ni, sau biyu mai dafa abinci, wata Baturiya mai yawan tsaki da ta shekara da shekaru a gidan. Na koyi goge leshi ta bayan ƙyalle, na koyi ɗinke ɓarakar siliki har mai shi ya rasa inda take. In azahar ta yi, ita da kanta take duba agogo ta ce, “Je ki, Ubangijinki yana jira, ni zan iya haƙuri.” Matan yanzu na jefa komai cikin inji su danna maɓalli, ban ce da laifi ba, amma hannuna ya san abin da nasu bai sani ba.

Wata rana ina ɗinke mata bakin siket tana tsaye, sai ta ce, “Wai shin yaya sunan mijin nan naki? Kullum ‘shi’ kike cewa.” Na sunkuyar da kai na yi murmushi. Ta zaci Turancin ne ban gane ba, ta maimaita a hankali da ƙarfi, yadda Turawa ke yi wa baƙi. Na ce na gane, ranki ya daɗe, faɗa ne ba zan iya ba. Na lalubo kalmomi na yi mata bayani cewa a wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta, balle mijin farko, don girmamawa. Kakata ta yi shekara hamsin da kakana, ko sau ɗaya ba a ji sunansa a bakinta ba, in ma wani yaro ya ci sunan sai ta laƙaba masa wani. Gimbiya ta yi dariya har sandarta ta faɗi. Ta ce, “Ni kuwa na kira sunan nawa mazan har makwabta sun haddace, yawanci daga saman bene, da ƙarfi.” Sai dariyar ta ɗauke nan take, ta ce in yi sauri ƙafarta ta gaji.

Labarin mazanta kuwa ba ya ƙarewa a bakinta. Akwai basaraken da ta haifa wa ɗa guda, mutumin kirki mai son karnuka da farauta, wanda gidansa na ƙauye ke da ɗakuna ba adadi amma babu ɗaya mai ɗumi. Ta ce ya fi iya hira da doki a kan mutum, amma bai taɓa ɗaga mata murya ba har ya rasu. Bayansa ta auri wani mai tseren mota, kyakkyawa, wanda ba ya wuce madubi bai gaishe shi ba. Suka zauna a ƙasar Faransa a bakin teku, suna rawa suna faɗa, har ranar da ta haɗa akwatunanta ta bar masa madubin. Hotunan su biyun suna kan kantar da ke saman murhun jin ɗumi na falo, cikin firam na azurfa, kuma kullum sai ta ambaci sunayensu, wannan da tausayi, wancan da tsaki. Amma na sha ji tana cewa aure uku ta yi. Na tambayi mai dafa abinci ina na ukun. Ta yi tsaki ta ce, “Na farko kike nufi. Wautar ƙuruciya ce, ta manta da shi tuni. Ba a zancensa a gidan nan.” A raina na ce ke dai ba ki san mata ba. A inda na fito, wanda ba a kiran sunansa shi ne babba.

Wata Litinin ta ce in fito da duk azurfar da ta yi baƙi a cikin durowar ɗakinta in goge. A can ƙasa, naɗe cikin hankici, na sami wani ɗan ƙaramin firam. Hoton wata budurwa ce cikin kwat irin na kowa, ba mayafin amarya, 'yan furanni a hannu, tana dariya har haƙoranta duka a waje. Da ƙyar na gane Gimbiya ce, don ban taɓa ganin wannan dariyar a fuskarta ba. Kusa da ita wani saurayi ne mai faɗin kafaɗa cikin kayan 'yan kwana-kwana. Na goge firam ɗin har ya ɗauki ido. Sai na yi abin da kowace 'yar gidanmu za ta yi ba tare da tunani ba. Na kai shi falo, na matsar da basarake gefe, na matsar da mai tseren mota ɗaya gefen, na kafa shi a tsakiya, har na sa ɗan littafi a ƙarƙashinsa don ya ɗara su tsayi. A ganina mijin fari ba ya zama a ƙasan durowa na bayansa suna sama.

Ashe ranar ɗanta zai zo shan shayi. Shi ne ya gaji sarautar ubansa, dogo ne, mai ladabi irin wanda ke sa ka ji sanyi. Ina shigowa da tire na gan shi tsaye gaban murhu, kunnuwansa sun yi ja. Ya ce, “Wa ya sa wannan a nan?” Na ce ni ce, ranka ya daɗe. Bai ko dube ni ba, ya juya wurin uwarsa ya ce yarinyar nan ba ta san abin da take yi ba, gara a sallame ta kafin ta yi wata ɓarnar.  Gimbiya ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce, “Bar shi inda yake. Ke kuma zuba shayin, yana hucewa.” Ɗan ya sha nasa a tsaye ya tafi. Ni kuwa na koma gida ina kuka a cikin bas, na tabbata aikina ya ƙare.

Amma ba a sallame ni ba. Da Alhamis ta zagayo sai Gimbiya ta ce in ɗauko mata kwat da laima, za mu fita. Na san duk Alhamis takan fita ita kaɗai, mai dafa abinci ta ce wurin likitan ƙafa take zuwa. Muka taka har Aldwych, ta hau bas kamar kowa, ta zauna kusa da wata mata mai kwandon kabeji. Ina kallon hanya sai na ga ai hanyar gidanmu ce. Muka sauka a Deptford, ta sayi furanni a kasuwa, mai furannin ta gaishe ta kamar tsohuwar ƙawa. Muka tsaya a ƙofar wata maƙabarta ta talakawan unguwa. Na ja baya, don mu mata ba mu saba shiga ba, amma ƙafarta ta fara rauni, ta miƙo mini hannu. Na yi bisimilla na riƙe ta muka shiga.

A gaban wani kabari ta ba ni labarin, tana cire busassun ganye da kan sandarta. Lokacin yaƙi ta bar gidan ubanta ta shiga tuƙa motar ɗaukar masu rauni a bakin kogi, inda bama-bamai suka fi sauka. A nan ta haɗu da ɗan kwana-kwanan nan na cikin hoton, ɗan wani mai dakon kaya a tashar jiragen ruwa. Suka ɗaura aure a ofis, babu ko mutum ɗaya daga danginta. Ubanta ya ce kada a sake ambatarta a gabansa. Suka zauna a ɗaki biyu, layi biyu tsakaninsu da inda ni da Malam muke, ta koyi dafa dankali, ta koyi wanki. Ba su cika shekara ba bangon wani sito da ke cin wuta ya faɗo masa, ya rasu. Danginta suka karɓe ta da sharaɗin a binne zancen, basaraken da ya aure ta daga baya ma a kan haka suka shirya. Ta ce, “Da farko hana ni aka yi in kira sunansa. Daga baya na ga ni ma ba na so kowa ya ji shi a bakina, shi kaɗai ne abin da ya rage nawa ni kaɗai. Ban san akwai ƙasar da ake yin haka da gangan ba sai da kika zo.” Ta nuna mini dutsen. An sassaƙa sunansa a sama, rabin ƙasa kuwa fili ne sumul, ba rubutu. Ta ce, “Nan wurina ne. Zan gaya wa ɗana, amma ba yau ba.”

Wannan “ba yau ba” ta yi ta maimaituwa har kusan shekara biyu. Tsoron ɓata masa rai take yi, don yana ji da ubansa ƙwarai. Duk Alhamis muna hanya, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Sai wata safiya na zo na tarar ta faɗi a bakin gado, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce kwanaki ne suka rage. Aka bar ta a gadonta, ni nake juya ta, nake ɗiga mata ruwa da cokali. Rana ta uku ɗanta ya zo da wani limamin coci, suka tsaya a ƙarshen gadon suna magana ƙasa-ƙasa, sun ɗauka ba ta ji. Suna shirya yadda za a kai ta ƙauye, a ajiye ta a ɗakin ƙasa na cocin gidansu inda ake binne dangi, kusa da ubansa. Ina gyara mata matashi sai na ji hannunta na hagu ya damƙi gefen mayafina. Ta zuba mini ido, bakinta yana motsi, ba abin da ke fita. A duniya ni kaɗai na san abin da take son faɗa.

Da muka zauna cin tuwo da magariba na gaya wa Malam. Ya ajiye lomar da ya ɗauka ya ce, “Ke, family matter ne wannan, kuma na manyan Turawa. Ɗan nan nata dama haushinki yake ji. Yana iya yi miki sacking, yana iya cewa ƙirƙira kika yi. Mu baƙi ne a ƙasar nan.” Na ce, “Malam, in ni ce na kwanta ba baki, aka ce za a kai ni wani wuri ba kusa da kai ba, kuma akwai wadda ta sani ta yi shiru, me za ka ce da ita?” Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba, ni kaina sai da na ji nauyi.  Can ya ce, “To. Ki sa mayafinki mai kyau. Kuma ki yi magana a hankali, kada ki yi rushing.” Ya ɗauko takarda ya tsara mini jimlolin Turanci masu kyau irin na littafi, na yi ta bita ina wanke kwanuka.

Washegari na sami ɗan Gimbiya a falo yana duba wasu takardu. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda ake gai da manya a gida, abin da kullum ke sa shi rasa inda zai sa idonsa. Ina buɗe baki duk jimlolin Malam suka gudu. Da guntun Turancina na ce, “Ranka ya daɗe, mahaifiyarka ba ƙauye take so ba. Deptford take so, kusa da mijinta na fari.” Ya ajiye alƙalami. Ya ce shekara talatin da 'yan kai yana tare da uwarsa, ko sau ɗaya bai taɓa jin sunan mutumin nan a bakinta ba, sai ni da na zo jiya zan gaya masa abin da ke ranta? Na ce, “Shi ya sa, ranka ya daɗe. Mahaifinka tana kiran sunansa kullum, kuma da alheri take kira. Wancan kuwa ba ta iyawa. Ni ma ba na iya kiran sunan nawa.” Kaina a ƙasa nake maganar, kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Ya ce, “Ɗago ki dube ni ki faɗa.” Tun da aka haife ni ban taɓa haɗa ido da babban mutum ba. Na ɗago, na dube shi tsakiyar ido, na ce, “Ba sai ka yarda da ni ba. Zo in nuna maka.”

A motarsa muka tafi. Ina jin bai taɓa taka Deptford ba, yana ta kallon rumfunan kasuwa kamar wanda ya shiga wata ƙasa. Mai furanni ta hango ni ta ɗaga murya tana tambaya ina madam ɗinmu ta Alhamis, wannan makon ba a gan ta ba. Na ga ya ji. Na shige gaba ya biyo ni har gaban dutsen. Furannin makon jiya suna nan sun fara yaushi. Ya karanta rubutun sama, sannan idonsa ya sauka kan filin da ke ƙasa. Ya tsuguna da wandonsa mai tsada a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya shafa wurin da tafin hannu. Ya tambaye ni tun yaushe take zuwa. Na ce ita ta ce tun kafin a haife ka, in dai tana ƙasar. Ya cire hularsa. Na koma bakin ƙofa na ba shi wuri, don ba kyau a tsaya a kan namiji yana kuka.

Da muka koma bai ko cire kwat ba ya wuce ɗakinta. Ina tsaye a bakin ƙofa ya durƙusa a gefen gadon, ya kama hannunta mai motsi. Ya ce, “Mama, na je Deptford.” Sannan ya kira sunan mutumin a fili, sunan da ba a taɓa furtawa a gidan ba, ya tambaye ta ko kusa da shi take so a kwantar da ita. Ta rufe ido, hawaye suka bi gefen fuskarta har cikin kunne, ta matse hannunsa har yatsunta suka yi fari. Ya ce, “To, haka za a yi.” Ta ƙara kwana biyu, kuma a kwana biyun nan fuskarta a sake take kamar ta jaririn da ya ƙoshi. Ta cika da hantsi, ina riƙe da kofin ruwanta.

Dangi sun yi surutu, na ji wata gwaggonsa ma ta ƙi zuwa. Amma manyan motoci baƙaƙe suka jeru a layin kasuwarmu, masu kifi da masu kabeji suka tsaya suna kallon mata da hulunan raga suna tsallake ruwan ƙazanta. Ni ban raka gawar ciki ba, ba al'adarmu ba ce, kuma addininmu ba ɗaya ba. Amma na san wadda ta sa aka zo nan. Yarinya ce 'yar shekara ashirin da huɗu, baƙuwa, mai guntun Turanci, ba ta da kowa a ƙasar sai mijinta ɗalibi. Na yi abubuwa da yawa a rayuwata bayan wannan, na raini 'ya'ya, na aurar, na binne Malam, Allah Ya ji ƙansa. Amma in aka ce in nuna ranar da na fi yarda da kaina, ranar da na ɗago kai a falon nan zan nuna.

Bayan wasu watanni ɗan ya aiko mini da 'yar takarda, layi biyu, cewa an gama rubutun dutsen, yana so in je in gani. Na ɗauka zan tarar da jerin sarautu, ta ubanta da ta mijinta basarake, don haka suke yi wa manyansu, wani lokaci har dutsen ya kasa ɗauka. Na je da rana ni kaɗai, na tsuguna na karanta a hankali da yatsa. Babu sarauta ko ɗaya. Sunanta na yanka ne kawai, haɗe da sunan gidan ɗan kwana-kwanan, a ƙasa kuma aka rubuta: matarsa.